Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun da Yadda Ake Zaɓen Makaɗi a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Garu, ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Dutse, ranar hawan salla, ya ji yadda tambari da kakaki da algaita suke haɗuwa su cika fili, kowane makaɗi ya san inda zai shiga da inda zai saurara, ba tare da wani ya ɗaga masa hannu ba. Galibinmu mukan ji daɗin abin mu wuce. Ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu wane ne ya zaɓi waɗannan mutane, da wane ma'auni aka auna su, kuma ta wace ƙofa suka shigo ba. Wannan tambaya ta dami Turawa ƙwarai game da manyan ƙungiyoyinsu na kiɗa, har yau suna ta muhawara a kanta. Mu kuwa muna da tamu amsar tun kaka da kakanni, sai dai ba a rubuce take ba, a cikin rayuwar makaɗanmu take. Saboda haka a wannan maƙala za mu bi tarihin ɗaya daga cikin manyan makaɗan fada, watau marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, mu ga matakan da ya taka tun yana yaro mai bin uba har ya zama jagora, sa'an nan mu duba abin da waɗannan matakai suke koya mana.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Musa wajen shekarar 1907 a ƙauyen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, wadda a zamanin nan take cikin Lardin Sakkwato, yau kuwa tana cikin Jihar Zamfara. Haihuwarsa ta zo 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, lokacin da sarauta ta rasa takobinta amma ba ta rasa tambarinta ba. Sunan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, kakansa kuwa ana ce da shi Kaka Maiganga. Laƙabin kakan kawai ya isa ya nuna cewa kiɗa ya daɗe a gidan. Asalin sana'arsu kiɗan noma ne, irin wanda ake yi wa manoma a gayya domin a zuga su su ci kuyya. Daga baya Usman Ɗankwanda ya raɓu da gidan sarauta, ya zama makaɗin Sarkin Ƙayar Maradun, wannan ne ma ya sa ake danganta zuriyar da Maradun har gobe.

Laƙabin Ɗanƙwairo shi kansa yana da labari. A cikin mutanen mahaifinsa akwai wani bara mai zaƙin murya da ake kira da wannan suna. Da Musa ya taso aka ji muryarsa tana kama da ta baran nan, sai aka laƙaba masa sunan, ya kuwa bi shi har ya danne na yanka. Yana da kyau mu lura da wannan tun daga farko. Ba don shi ɗan mai gida ne aka ba shi sunan ba. Kunnen mutanen ƙungiya ne ya saurara, ya kwatanta muryar yaro da ta wani gwani da suka sani, ya yanke hukunci. Ana iya cewa wannan ita ce jarrabawarsa ta farko, ya kuma ci ta tun bai san ana jarraba shi ba.

Makarantar Amshi

Tun yana ɗan shekara shida zuwa bakwai Musa ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa. A al'adar gidajen makaɗa yaro ba ya farawa da riƙe abin kiɗa a gaban jama'a. Da fari ɗaukar kaya zai yi, ya zauna a gefe yana saurare. Daga nan sai a bar shi ya sa baki a amshi, watau maimaita gindin waƙa bayan jagora ya kai ƙarshen ɗa. In harshensa ya faɗa, sai ya kai ga karɓi, inda jagora zai ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Mataki na sama shi ne ƙari, inda ɗan amshi zai ƙara abin da jagora bai faɗa ba, amma ya dace da ma'ana da rauji. A cikin haka ne kuma hannunsa yake sabawa da kotso, wato gangar nan mai baki ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa, a kaɗa ta da yatsu, ana matsa tsarkiyarta domin sauya amo.

Abin da ake koyo a wannan makaranta ya wuce murya da hannu. Makaɗin fada dole ne ya haddace salsalar ubangidansa, ya san kakanninsa da yaƙe-yaƙen da suka yi, ya san fadawa da muƙamansu, ya san wane ɗan sarki ne abokin hamayya wanda za a yi wa habaici, wane ne kuma ba a taɓawa. Kuskure guda a jerin sarakuna yana iya zubar da mutuncin ƙungiya baki ɗaya. Haka kuma ana duba halinsa: haƙurinsa a kan tafiya, riƙon amanarsa in an ba shi ajiyar kyauta, da kame bakinsa game da abin da ya gani a cikin gida. Duk waɗannan ba abubuwa ne da za a gane a zama ɗaya ba. Shi ya sa jarrabawar makaɗin Hausa takan ɗauki shekaru, kuma masu ba da maki su ne waɗanda suke cin tuwo tare da shi.

Daudun Kiɗa

Bayan rasuwar Usman Ɗankwanda, jagorancin ƙungiya ya koma hannun Kurna, yayan Musa, kamar yadda al'ada ta tanada cewa babba shi ne magaji. Shi kuwa Musa aka ba shi muƙamin Daudun Kiɗa, watau mataimakin jagora kuma halifansa. Ƙungiyar makaɗan fada tana kwaikwayon tsarin fadar da take yi wa hidima ne. Akwai jagora wanda yake matsayin sarki a cikinta, akwai Daudu, akwai sauran masu muƙamai a cikin 'yan amshi, akwai kuma sanƙira wanda yake shelar kyauta yana fayyace wa jama'a inda waƙa ta dosa. Jagora ne yake raba abin da aka samu, kowa gwargwadon matsayinsa, shi ne kuma yake ɗaukar nauyin aure da suna da rashin lafiyar mutanensa.

Musa ya daɗe a wannan matsayi na biyu. Mutum mai irin baiwarsa a yau da wuya ya yi wannan zama, da tuni ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiya. Amma zaman bai tafi a banza ba. Daudu shi ne yake tsakanin jagora da 'yan amshi, ya san nauyin kowane ɓangare, ya san muryar da take ɗaukar sama da wadda take riƙe ƙasa. Wanda ya saurari waƙoƙin Ɗanƙwairo na baya zai ji amfanin wannan sani. A wurinsa 'yan amshi ba masu maimaita gindi ne kawai ba. Yakan ɗauko ɗa ya miƙa musu, su rabu kashi-kashi suna karɓeɓeniya, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka, har mai saurare ya kasa gane inda jagora ya tsaya da inda mabiya suka soma. Irin wannan saƙa ba ta yiwuwa da mutanen da aka tattaro jiya. Sai waɗanda suka shekara suna numfashi tare.

Zaɓen Sardauna

Babban sauyi a rayuwar Ɗanƙwairo ya zo ne a zamanin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966. Sardauna ya san ƙasar Zamfara da makaɗanta, domin ya yi zama a Gusau tun daga 1938, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau gado. A lokacin kowane babban basarake yana da makaɗinsa. Sarkin Musulmi yana da Salihu Jankiɗi mai taushi, Sarkin Gobir na Isa Amadu yana da Ibrahim Narambaɗa mai kotso. Sardauna, wanda jinin Shehu Usmanu ne kuma shugaban gwamnati, shi ma ya bukaci makaɗin da zai dace da girmansa, ya kuwa nemi a ba shi daga Maradun. Wanda aka tura shi ne Musa Ɗanƙwairo, Daudu, ba jagoran gidan ba.

A nan ma akwai abin lura. Makaɗin fada ba ya neman aiki da kansa, kuma ba a shelar gurbi kowa ya zo ya gwada. Ubangida ne yake nema, wani ubangidan ya bayar, kamar yadda ake ba da doki ko bara amintacce. Shaidar da ake dogara da ita ita ce ta waɗanda suka daɗe suna jin mutum. Duk da haka zaɓen bai bi girman shekaru ba. Aikin yana bukatar mai ƙarfin yawo, mai kaifin basirar da zai yi wa ɗan sarauta kuma ɗan siyasa waƙa a gaban taron da ya haɗa Arewa duka, sai aka ɗauko wanda ya fi dacewa. Gado ya kawo shi bakin ƙofa, amma cancanta ce ta shigar da shi.

Ɗanƙwairo bai ba da kunya ba. Waƙoƙin da ya yi wa Sardauna, musamman wadda aka fi sani da Mai Dubun Nasara, sun ratsa ƙasar Hausa da kewayenta. Zamani kuma ya taimake shi, domin a 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, muryar da a dā sai wanda ya je fada yake jin ta, ta shiga kowane zaure da kowace kasuwa, har da namu na nan gabashin tsohon Lardin Kano.

Bayan Sardauna

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. Wannan rana ta nuna raunin tsarin da ya ɗaga Ɗanƙwairo. Makaɗin da ubangida ya zaɓa, abincinsa da martabarsa suna rataye ne da ran ubangidan. Babu wata yarjejeniya a rubuce, babu fansho, in inuwa ta gushe sai rana. Abin da ya ceci Ɗanƙwairo shi ne sunan da ya riga ya yi da kuma ƙungiyar da ya gina. Ya ci gaba da yi wa manyan sarakuna waƙa, cikinsu har da 'Yandoton Tsafe Aliyu, wanda ya shaƙu da shi ƙwarai, da Sarkin Kano Ado Bayero wanda ya hau gado a 1963, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda ya hau a 1966. Ya kuma yi wa attajirai da manyan ma'aikata, domin arziki ya fara barin fada yana komawa wasu hannaye.

A cikin waɗannan shekaru ya yi wa 'ya'yansa abin da mahaifinsa ya yi masa. Ya sa su cikin amshi, ya ba waɗanda suka nuna hazaƙa muƙamai, har muryoyinsu suka zama wani ɓangare na abin da muke kira waƙar Ɗanƙwairo. Allah ya yi masa rasuwa a watan Satumba na 1991, 'yan makonni bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta na wannan shekara. Ya bar zuriyar da ta ci gaba da riƙe kotson gidan.

Gado da Haye

Kada mai karatu ya ɗauka cewa hanyar Ɗanƙwairo ita kaɗai ce hanya, ko kuwa ba ta da aibi. Hausawa sun raba makaɗa gida biyu, na gado da na haye. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, haye ya yi, mahaifinsa ma bai so ya shiga waƙa ba. Babu gidan kiɗan da ya rene shi, kasuwa da dandali su ne suka jarraba shi, jama'a suka ba shi maki, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Narambaɗa kuwa ta wajen uwa ya sami kotso. Da a ce ƙofar gado ce kaɗai a buɗe, da ƙasar Hausa ta yi asarar Shata. Wa ya san yawan masu zaƙin murya da suka mutu suna noma, don kawai an haife su a gidan da ake ganin roƙo abin kunya ne? Haka nan mata. Ƙungiyar kotso ko ta taushi ba ta da gurbin mace, komai baiwarta. Irin su Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, sai a kiɗan amada da taron mata suka sami fili.

Yadda Turawa Suka Yi da Tasu Matsalar

Turawa ma daga fada suka faro. Shahararren makaɗin nan Joseph Haydn ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy a 1761, ya shekara kusan talatin yana sanye da kayan barorin gidan. Da manyan ƙungiyoyin kiɗa na birane suka kafu, waɗanda kowace takan tara makaɗa kusan ɗari, sai zaɓe ya koma hannun madugun ƙungiya, shi kuwa yakan ɗauki almajiran abokansa, galibi maza farar fata. Domin maganin wannan son kai aka ƙago gwaji a bayan labule. Mai neman aiki zai yi kiɗa alƙalai ba sa ganinsa, har akan shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta tona cewa mace ce. Ƙungiyar birnin Boston ta Amurka ta fara gwada wannan a 1952, sauran suka bi a shekarun 1970 da 1980. Wasu masana tattalin arziki biyu, Claudia Goldin da Cecilia Rouse, sun buga nazari a shekarar 2000 inda suka nuna cewa mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na makaɗan manyan ƙungiyoyi biyar na Amurka ba a 1970, amma sun kai kashi 25 kafin ƙarshen ƙarnin, suka kuma danganta wani ɓangare na wannan ƙaruwa da labulen. A Turai abin ya yi jinkiri: babbar ƙungiyar birnin Balin ta Jamus sai a 1982 ta ɗauki mace ta farko, ta Biyana a Ostiriya kuwa sai a 1997.

Amma labule bai kashe magana ba. A 2020 wani mai sharhin kiɗa na jaridar New York Times, Anthony Tommasini, ya yi kira da a cire shi, bisa hujjar cewa baƙaƙen fata har lokacin ba su sami shiga yadda ya kamata ba. Wasu kuma suna ƙorafin cewa kiɗan 'yan mintoci ba ya nuna ko mutum zai iya zama da jama'a. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke sa wanda ya ci gwaji ya yi shekara ɗaya ko biyu ana duba shi kafin a tabbatar da shi, ta Biyana ma sai mutum ya yi shekara uku yana kiɗa a gidan wasan waƙa na birnin kafin ya nemi zama cikakken ɗan ƙungiya. Watau bayan dogon zagaye sun dawo kan abin da gidan Ɗankwanda ya sani, cewa zama tare shi ne gwajin gaskiya. Mu kuma abin da ya rage mu koya daga gare su shi ne buɗe ƙofa ga wanda ba a san ubansa ba.

Kammalawa

Rayuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ta nuna mana cewa zaɓen makaɗi a ƙasar Hausa yana da matakai uku: gida ya kawo yaro, ƙungiya ta gwada shi shekara da shekaru, ubangida ya ɗauke shi. Mataki na farko yana toshe wa masu baiwa hanya, na uku yana barin makaɗi a hannun ƙaddarar mutum ɗaya, na tsakiya kuwa shi ne ƙashin bayan abin, kuma shi ne yake neman ɓacewa. A yau matashi yakan shiga situdiyo shi kaɗai, fiyano da kwamfuta su yi masa kiɗa, ya yi wa kansa amshi, ya fito da waƙa cikin yini guda. Wannan ya buɗe ƙofa ga kowa, abin a yaba ne, amma babu Daudu a ciki, babu mai jiran gado, babu yaron da yake zaune a gefe yana saurare.

Masarautunmu biyar na Jigawa, watau Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, har yanzu suna da makaɗan fada, amma 'ya'yan gidajen kiɗa da yawa sun kama wasu sana'o'i. Idan ana so tambari da kotso su ga jikokinmu, wajibi ne fadoji da hukumomin raya al'adu da sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai, a karɓi duk yaron da kunne ya yarda da shi ko daga wane gida ya fito, a zaunar da shi gaban tsofaffin makaɗa tun suna raye, a kuma tanadar wa malamin da almajirin abin da za su ci. Mu ɗaliban Hausa namu aikin shi ne mu je mu zauna da waɗannan dattawa, mu rubuta yadda aka koya musu da yadda suke gane ɗan amshin kirki, domin yawancin nazarinmu ya tsaya ne a kan matanin waƙa, ya manta da mutanen da suke rera ta. Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya gafarta masa kurakuransa, amin.